Rubuta Shi, Ko da Aikin Kawunki Ne

Kwaciri, Fagge, Kano.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Abuja lafiya, ya tsare motarku daga sharrin hanya da na mutanen hanya, ya sa ki tarar da kawunki Bukar da iyalinsa ƙalau. Na cusa ta ne a ƙarƙashin kwalbar turaren wutan da na haɗa wa matarsa, don na san ita za ki fara cirowa daga jaka.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Ke 'yar fari ce, kin san yadda muke ni da ke, maganarmu ba ta wuce "kin ci abinci?" da "jawo ƙofar nan". Haka aka rene ni, haka na rene ki. Da na zaunar da ke in faɗa miki abin da ke raina, ke za ki sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi, ni kuma in kama zancen kuka da daddawa har mota ta tashi. Shi ya sa da kika fita sallama da dangin babanku bayan la'asar, na ɗauko biro.

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni tun ranar Talata. Kina zaune a tsakar gida da kwamfutar da kamfanin su kawunki suka aiko miki, kina gwada manhajar da za su saka wa ƙananan asibitoci mako mai zuwa, wadda nas za ta riƙa rubuta maganin kowane majiyyaci a ciki. Ni ina gefenki ina tsinke zogale. Na ji kin ja numfashi, sai na leƙa. Kin buɗe fayil ɗin majiyyaci ɗaya kin rufe, kin buɗe na biyu kin rubuta masa allura, netwok ya ɗauke kamar yadda ya saba a unguwar nan, da ya dawo sai ga allurar ta koma ta zauna a fayil ɗin na farko. Kin sake gwadawa, ta tafi daidai. Kin ƙara, netwok ya sake ɗaukewa, ta sake tsallakawa. Na yi shekaru ina aikin gwajin manhaja kafin idona ya hana ni, na san abin da irin wannan yake nufi.

Sai kika kira kawunki, ina jin ki. Kin gaishe shi, kin tambayi matarsa, kin bi yaran ɗaya bayan ɗaya, kin tambayi gajiyar aiki. Sai da yana shirin ajiye waya kika ce, "Kawu, na ɗan ga wani abu a ɓangaren magani, amma ina jin netwok ɗinmu ne."

Na jiyo dariyarsa daga inda nake. "Netwok ɗin Fagge ai sai addu'a. Bar shi kawai, in kin zo ma duba."

Kika ce, "To, Kawu." Kika rufe kwamfutar.

Da na tambaye ki ko kin shigar da shi a inda ma'aikata suke shigar da rahoton kuskure, kika ce ai Kawu ne ya rubuta ɓangaren da hannunsa, kuma kowa a ofis yana ganin abin da aka shigar, har yaran da ke ƙarƙashinsa. Kika ce ba kya so ki fara aiki da tona asirin mutumin da ya ɗauki nauyin karatunki, ya nemo miki aikin, kuma a gidansa za ki zauna. Ban ce miki uffan ba. Zogalen nan dai ban san yadda na ƙarasa shi ba.

Ummi, tsoro nake ji. Kuma abin da ya fi ci mini rai, wannan "To, Kawu" ɗin ni na koya miki shi. Ni na koya miki ba a gyara wa babba magana, ba a kallon ƙwayar idonsa, in za a faɗi mummunan labari sai an zagaya an zagaya. A gida tarbiyya ce, ba na kuma nadamarta. Amma kin zaɓi sana'ar da gaba ɗayanta faɗin abin da ya ɓaci ce, ni kuma na shiga sana'ar nan da irin tarbiyyar da na ba ki, na ga inda ta kai ni. Kin sha jin labaran a gutsure, yau bari ki ji su tiryan-tiryan.

Kina rarrafe na fara aiki a wani ƙaramin kamfani a saman bene a Titin Ibrahim Taiwo. Manhaja muke yi wa masu kemis na Sabon Gari da makarantun kuɗi, lokacin a faifai ake kai wa mutum ita har shago. Babban mai rubuta manhajar Alhaji Tijjani ne, dattijo, sahu ɗaya suke sallah da kakanki a masallaci. Shugabana a ɓangaren gwaji kuwa Malam Ishaya, Kirista ne mutumin Zariya, tsohon malamin makaranta, bai taɓa rabuwa da jan biro ba.

Kuskuren farko da na gano babba ne. Manhajar kemis ya kamata ta yi gargaɗi in wa'adin magani ya ƙare, sai na ga tana nuna shi a cikin masu kyau. Na zauna na tsara rahoto kamar mai rubuta wa surukarta. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina neman afuwa domin ni sabuwa ce, aikin ya yi kyau ƙwarai Allah ya ƙara basira, sai dai kamar akwai ɗan abin da in an samu sarari za a iya dubawa. Malam Ishaya ya karanta, ya zare tabarau ya dube ni.

"Malama Zara, wa ya rasu?"

Na ce babu kowa.

"To wa za a aurar? Na cinye rabin shafi ban san abin da ya lalace ba. Faɗa mini da baki, a numfashi ɗaya."

Na ce, "Maganin da wa'adinsa ya ƙare, manhaja tana nuna shi a matsayin mai kyau."

Ya miƙo mini takardata ya ce, "To shi ne layin farko. Gaisuwar ki kai wa Alhaji da ƙafarki."

Don haka ki riƙe wannan. Wanda zai karanta rahotonki yana da wasu birjik a gabansa, layin farko kawai zai duba ya yanke hukuncin ko yau zai taɓa shi ko sai wani watan. Ki sa abin da ya ɓaci a layin farko, ki sa wanda zai cutu a na biyu. Kalmomin nan namu na sassauta magana, "ɗan", "kamar", "ina jin", "wataƙila ni ce", ki bar su a bakin ƙofar ofis. Da kika ce wa kawunki kin "ɗan ga wani abu", shi ma ɗan ji ya yi. Ban ga laifinsa ba a nan.

Daga nan sai na zarce, kin san halina ba na tsayawa a tsakiya. Tunda an ce in taƙaita, sai na koma rubuta "wurin ajiye ciniki ba ya aiki", shi ke nan. Alhaji Tijjani ya taso da kansa har teburina, ya ja kujera, ya danna nan ya danna can, komai ya tafi sumul. Ya ce, "Zara, a wajena lafiya lau yake. Me kika yi?" Na san na gani da idona, amma me na fara dannawa, me na shigar, wace siga ce a kan kwamfutar, duk sun bi iska. Samarin ofis suna kallona ta wutsiyar ido. Kunya ta rufe ni, na ce ƙila ni ce na danna ba daidai ba, na janye rahoton.

Ba ni ba ce. Abin yana faruwa ne in aka ɗauke wuta daidai lokacin da ake ajiyewa, kafin a tayar da janareta. A ofis ɗinmu akwai batir, kwamfutar Alhaji ba ta taɓa mutuwa ba, tawa ce kaɗai ba a haɗa da shi ba. A Sabon Gari kuwa kwamfutar kowane shago irin tawa ce. Sai da masu kemis suka fara hawo mana bene da zafin rai aka gane.

Kin ga dalilin da gabana ya faɗi da na ji kin ɗora wa netwok ɗinmu laifi. Ofis ɗin kawunki netwok ɗinsa ba ya ɗaukewa, shi ya sa bai taɓa ganin abin da kika gani ba, kuma in kuka zauna "ku duba" a can, lafiya lau za ku gani. Za ki yi tsuru-tsuru, zai yi miki murmushin manya, ki ce ƙila ke ce. Amma asibitocin da za a kai wa manhajar nan fa? Netwok ɗinsu irin na Kwaciri ne, wasu ma bai kai ba. Abin da kika gani a tsakar gidan nan shi ne ainihin abin da nas za ta gani, in ma ta lura.

Saboda haka ki rubuta shi yadda wanda bai taɓa ganinki ba zai bi sawunki ya faɗa ramin da kika faɗa. Ki ce: allurar da aka rubuta wa majiyyaci tana shiga fayil ɗin wani majiyyacin in netwok ya yanke lokacin ajiyewa, kuma hakan na iya sa a yi wa mutum maganin da ba nasa ba. Sannan ki jero abin da kika yi bi da bi, na buɗe wannan, na rufe, na buɗe wancan, na rubuta kaza, na danna ajiye, netwok ya yanke, ya dawo. Ki faɗi abin da ya kamata ya faru da abin da ya faru. Ki faɗi sigar manhajar da irin kwamfutar. Ki faɗi gaskiya cewa ba kowane lokaci yake yi ba, sai in yankewar ta zo daidai da dannawar, kada ki ƙara gishiri kada ki rage. Kuma tunda netwok ɗin Abuja ba zai yi miki alfarmar ɗaukewa ba, ki katse shi da hannunki daidai lokacin, ki ɗauki bidiyon fuskar kwamfutar ki maƙala. Mu a zamaninmu ba mu da wannan gatan. Turancin kuwa ke za ki zuba shi, kin fi ni.

Yanzu ga wanda ya fi mini nauyi, wanda kuma shi ne ya fi kama da naki.

Muna gwada manhajar da ke fitar wa makarantu katin sakamakon jarrabawa, sai na lura in ɗalibai biyu sunansu ɗaya a aji ɗaya, makin na ƙarshe yana hawa kan na farko ya goge shi. A garin nan kuwa wane aji ne babu Maryam Sani biyu? Na san babban abu ne. Amma Alhaji Tijjani ne ya rubuta wurin, kuma a makon mai kamfanin ya yi masa faɗa a kan wani aikin, har ofis ya yi tsit. Na ce a raina ba zan ƙara wa dattijo abokin mahaifina wani tozarcin a rubuce ba, gara in faɗa masa mu biyu ya gyara ba wanda ya ji. Na tare shi a matattakala zai sauka sallar azahar, ya naɗe hannun riga, na ɗan rusuna na ce, "Alhaji, in ka samu lokaci akwai ɗan abu a wajen sunaye."

Ya ce, "To, Zara, na ji. In sha Allahu."

Na koma teburina ina jin na yi abin kirki. Na ma yaba wa kaina hankali.

Ƙarshen zango sai ga wata mata ta hawo mana bene, makarantar ce ta turo ta da ta gaji da rigimarta. Tana riƙe da hannun 'yarta, yarinya ba ta wuce shekarun ƙanwarki Bintu ba. Ita ce take zuwa ta ɗaya a ajinsu, katinta ya fito da makin takwararta, duk ja. Uban bai tsaya jin komai ba, ya ce wasa ta koma yi, ya zane ta a gaban ƙannenta. Yarinyar ta tsaya a tsakiyar ofis ɗinmu ido a kumbure. Uwar ce take ta faɗa, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, har ta ce, "Ku ba kwa gwada abinku ne kafin ku sayar wa mutane?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Mai kamfanin ya tambaya, na ce na gani kuma na faɗa wa Alhaji. Alhaji Tijjani ya ce, "Wallahi ban tuna ba." Kuma ba ƙarya ya yi ba, Ummi, mutumin kirki ne. Wa zai tuna "ɗan abu a wajen sunaye" da aka faɗa masa yana sauri kada ya rasa jam'i? Da suka tafi Malam Ishaya bai ɗaga mini murya ba. Yana tattara takardunsa ya ce, "Kin rufa wa Alhaji asiri, amma a gadon bayan yarinyar nan kika rufa shi." Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. Alhajin da na so in kare kuwa, kunyar da ya sha a ranar ta ninka wadda na guje masa.

Wancan kati ne, an sake bugawa, uban ya zo ya ba da haƙuri a makaranta. Naki allura ce. Ita in ta shiga jiki ba a sake bugawa.

Abin da aka faɗa a matattakala, ko a waya bayan gaisuwa, ko a mota, ko ana cin tuwo, ba rahoto ba ne. Ko saƙon muryar nan da kuke tura wa juna a guruf ɗinku na waya, gobe wasu saƙonnin sun binne shi. Ki shigar da shi inda aka tanada, inda zai zauna da sunanki da ranarsa, ya ƙi tafiya sai wani ya amsa shi. Ba don ki wanke kanki in abu ya ɓaci ba, ko da yake zai wanke ki. Don kawunki mutum ne mai aiki ya yi masa yawa, kuma mako mai zuwa ba shi da nisa.

Kada kuma ki ɗauka cewa nake ki zama abin da na zama bayan nan, don na zama masifa. Haushin kaina ya sa na koma huce shi a kan kowa. Rahotona ya koma "Alhaji ya sake ɓata wurin sunaye", "an yi sakaci a nan kamar kullum". Sai in ɓoye abin da na gano har ranar taron mako, in tashi in karanto shi a gaban kowa ina kallon fuskar mai laifin. Komai kuma a wajena gobara ne, harafi ɗaya ya karkace in rubuta "mai tsanani". Ba a jima ba masu rubuta manhajar suka daina gaishe ni da sakin fuska. In sun gama aiki sai su yi ta jan ƙafa kafin su ba ni, in na shigar da rahoto su rufe shi da "ba matsala ba ce" tun kafin su karanta. Ranar da na zo da babbar matsala ta gaske, sai da na yi kamar zan yi hauka kafin wani ya ɗago kai.

Malam Ishaya ne ya sake zaunar da ni. Ya ce, "Da kina ba da haƙuri kafin a taɓa ki, yanzu kina duka kafin a yi miki laifi. Manhajar ce ba ta da lafiya, Malama Zara, ba Alhaji ba." Ya sa na bi rahotannina ina goge sunan mutum duk inda na sa shi.

To ke ma sunan kawunki ba shi da abin yi a cikin rahotonki. Fayil ne da allura da netwok. Kada ki rubuta dalilin da kike zaton ya jawo kuskuren kamar kin tabbatar, wannan aikinsa ne, ya fi ki saninsa. Kada ki bari ya fara jin labarin a taro a gaban yaransa. Ki same shi a ofis tun da safe, ki ce, "Kawu, abin nan da na faɗa maka a waya na rage masa nauyi, babba ne, zan shigar da shi yanzu, ga bidiyon." Ki lura, sanar da shi na ce ki yi, ban ce ki nemi izini ba. In ya ce ki bari zai duba, ki ce to zai fi masa sauƙin dubawa in yana rubuce, ki je ki shigar. Ƙananan kurakuran da za ki riƙa tsinta kuma ki kira su ƙanana, don ranar da kika ce "wannan kada a sake shi" a san ba ki saba faɗa ba.

Akwai wata tambaya da za a yi miki kafin a saki manhajar, manaja ne zai leƙo yana sauri ya ce, "An gama gwaji?" Bakinki zai so ya ce "Alhamdulillahi", don haka muke amsa komai, ko muna kwance a asibiti. Ni na sha faɗa, alhali rabin aikin ban ko buɗe shi ba, lokaci ya ƙure, na ji nauyin in ce ban gama ba. Ki gode wa Allah a zuciyarki, shi kuma manaja ki ce masa: na gwada kaza da kaza, ban gwada kaza ba don lokaci bai isa ba, ga matsala ɗaya da har yanzu take buɗe, kuma a ganina bai kamata a kai wa asibiti da ita ba. Hukuncin saki ko fasawa nasu ne, ba naki ba. Naki shi ne kada su yanke shi a cikin duhu. In kuma aka ce miki an gyara, kada ki ce madalla ki rufe. Ki sake katse netwok ɗin da hannunki ki gani, sannan ki je ki ce wa wanda ya gyara sannu da aiki, da bakinki, a gaban mutane in so samu ne.

Na san kina karantawa kina cewa Inna ba ta gane ba, Alhaji Tijjani ba a gidansa take kwana ba. Na gane sarai. Bukar ƙanena ne, ni na goya shi, na san shi ciki da bai. Yana da kyauta, yana da zumunci, abin da ya yi miki ko uba sai haka. Amma tun yana yaro in aka gyara masa abu a gaban mutane sai ya ƙi cin abinci. Zai ji zafi. Zai iya yin kwanaki yana amsa gaisuwarki a daƙile, matarsa ta lura, gidan ya yi miki ƙunci, ki shiga ɗaki ba ki da wanda za ki faɗa wa. Ina tuna wannan sai in ji kamar in bi motar in dawo da ke. Ba zan yi miki ƙarya in ce zai gode miki ba. Ina fata zai gode, daga baya, in ya huce. Ban sani ba.

Na ɗauki waya tun ranar Talatar ban san sau nawa ba, in kira shi in ce, "Bukar, abin da yarinyar nan ta gani ba wasa ba ne." Zai ji maganata, ni yayarsa ce. Sai in ajiye. In na yi haka na zama wata matattakalar ke nan, magana ta sake bi ta bayan gida, ba a rubuce ba. Kuma daga ranar kin zama yarinyar da uwarta take kai mata rahoto, matsala ta gaba da za ki gano ba na gefenki ina tsinke zogale. Ke kika gani, da sunanki ya kamata ya shiga.

Ga abin da zan iya yi miki. In kin shigar zai kira ni, na san shi. Zai ce, "Yaya, kin ga abin da 'yarki ta yi mini a gaban yarana?" Zan ce masa ni na aike ta. In maganar ta zagaya dangi aka fara cewa an kai yarinya Abuja ta buɗe ido ta manta alheri, ni za su fara tararwa a bakin ƙofa, kuma kin san ba a fi ni baki ba in na ga dama. Babanku ma na faɗa masa komai, ya ce in gaya miki yana bayanki. In abin ya kai ga ki tattaro kayanki, ɗakinki yana nan, na hana Bintu kwashe katifarki.

Ni na ce miki kada ki taɓa ɗaga ido ki gyara wa babba. A kan wannan na janye maganata. Na yafe miki wannan rashin kunyar tun kafin ki yi ta, duniya da lahira. Abin da ban san yadda zan yafe wa kaina ba shi ne in ji an yi wa ɗan wata allurar da ba tasa ba, alhali ina zaune a gefenki ranar da kika gani, na yi shiru.

Allah ya tsare mini ke a gidan mutane da ofis ɗin mutane. Ya sanyaya zuciyar kawunki a kanki, ya ba ki ƙarfin hali daidai lokacin da za ki buƙace shi, ya kare marasa lafiyar da ba su san ki ba, ba su kuma san suna jiran ki ba. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki gaishe mini da mutanen gidan.

In kin shigar, ba sai kin kira ba, na san ba za ki iya faɗa mini da baki ba. Turo mini saƙo ki ce "na rubuta". Wayar tana hannuna.

Wassalam.

Innarki.